Rumbun tsimi na jini

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san rumbun tsimi: hatsin da ake ajiyewa da kaka, ba a taɓa shi sai abinci ya yanke. Jinin da ake ƙara wa marasa lafiya ma haka tsarinsa yake, sai dai shi ba gona ke ba da shi ba. Daga jikin mutum ake ɗibarsa, kuma sai mutumin ya yarda.

A Nijar, babbar cibiyar ƙarin jini, wadda ma'aikata suka fi sani da CNTS, tana Yamai, akwai kuma cibiyoyin jihohi a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Aikinsu shi ne ɗibar jini, auna shi, ajiye shi, da raba shi ga gidajen likita. Daga babban mutum mai kamar lita 5 na jini a jiki, abin da ake ɗauka bai kai rabin lita ba. Kowace leda sai an bincika ta saboda sida, ciwon hanta iri biyu da tunjere, an kuma gano rukuninta cikin A, B, AB da O, rabon da ya samo asali daga binciken Karl Landsteiner na 1901. Sannan a sa ta a sanyi, tsakanin digiri 2 da 6.

Wani ɗan kasuwar aya ya san wannan tsari ne daren da matar ƙanensa ta haihu, jini ya ɓalle mata. Da aka ce a kawo masu ba da jini, sai ya sa hannu aljihu, don a saninsa babu hajar da ba ta da farashi. Aka ce masa: "Alhaji, mutane ake so." Ya tattaro dangi huɗu. Daga baya ya ji cewa jinin da ya ceci matar ba na ɗayansu ba ne. Nasu yana jiran awo, ita kuwa ba ta da lokacin jira. An ƙara mata na wani baƙo ne da ya ba da nasa tun makonni biyu da suka wuce. Na dangi ya maye gurbin abin da aka ɗauka.

Tun ran nan Alhajin yake zuwa da kansa kowane wata uku, ba tare da wani nasa yana kwance ba. Lissafinsa na ɗan kasuwa ne. Gero yana shekaru a rumbu, amma ledar jini ba ta wuce mako 5 zuwa 6. Kuma lokacin da aka fi bukatarta, wato damina, sa'ad da masassarar cizon sauro ke shanye jinin yara ƙanana, shi ne lokacin da ƴan makaranta, waɗanda ake dogara da su ƙwarai, suke hutu.

Ranar 14 ga Yuni ta kowace shekara ana karrama masu ba da jini a duniya. Amma jinin watan Yuni ba ya kaiwa Satumba. Kasuwanni da ofisoshi kuwa ba sa rufewa da damina, kuma cike suke da masu lafiya da suka kai shekara 18 da kilo 50. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.