Kalmomin Haɗi: Abin Da Muka Gani A Kuyello

Da aka tura mu Kuyello, a ƙasar Birnin Gwari, don mu gwada koyarwa, muna tsammani kalmomin haɗi na Turanci su ne mafi sauƙi cikin nahawu. Ai mun saba da su tun muna zauren malam, inda muka haddace haruffan aɗafi goma na Ajurumiyya, littafin Ibn Ajurrum na Fas wanda ya rasu a 1323. Ashe ba mu san kome ba tukuna.

Muka rarraba wa yara su gida uku a kan allo. Na farko masu haɗa tsara da tsara, kamar "and", "but" da "or". Na biyu masu jingina wata magana ga wata, kamar "because", "although", "until" da "unless". Na uku tagwaye ne, ba su rabuwa, kamar "either" da "or". Yara suka haddace sarai, mu kuwa muka yi ta murna.

Ran nan muka ba su jimla ta Turanci mai cewa kada a shiga daji "unless" akwai ɗan jagora. Wani yaro mai ƙwazo ya juya ta, ya ce kada a shiga in akwai ɗan jagora. To, ku duba, 'yan'uwa! Kalma ɗaya ta kifar da umarni duka, a ƙasar da daji yake bakin ƙofa. Laifin namu ne, domin mun koya masa gidan kalmar, ba mu koya masa aikinta ba.

Da muka zauna muka duba, sai muka ga Hausa ce take yi mana jagora a ɓoye. "Sai" tamu ita kaɗai tana ɗaukar kayan "until" da "unless" da "except". Kuma muna cewa "ko da yake ya zo, amma bai ci ba", Bature kuwa ba ya yarda "although" da "but" su zauna tare haka. "Da" tamu tana haɗa sunaye, ba ta haɗa jimloli, alhali "and" tana yin duka biyu.

Daga ranar muka bar haddar jeri. Kowace kalma sai yaro ya fara faɗin ma'anarta da Hausa, sa'an nan ya duba abin da ya biyo ta. In jimla ce mai aikatau bayan "after", to haɗi ce. In suna ne kaɗai, ba ita ba ce. Yaron nan shi ya fara kama mu da kuskure a mako na uku.