Agogon da ya raka ni Ketare

Uwargida, in kin taɓa bin hanyar Ketare ta ƙaramar hukumar Ƙanƙara da hunturu, kin san ƙurar da ake sha. Kin kuma san tun da tsaro ya taɓarɓare daga nan har Faskari da Sabuwa, kowa so yake magariba ta same shi a gida.

Ƙanwata na je dubawa. Ba wuta, waya ta mutu, sai agogon Casio na roba da nake zuwa aikin jinya da shi, mai fitila da ƙararrawa da ma'aunin daƙiƙa. Cikin dare ɗanta mai wata 5 ya kama tari da zazzaɓi, ga shi ba halin fita. Na ɗaga rigarsa, na danna agogo, na ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur: 56. Gari na wayewa muka nufi asibiti. Ashe limoniya ce.

Ki riƙe wannan lissafi, kuma ki ƙirga sa'ad da yaro ba ya kuka: ƙasa da wata 2, numfashi 60; wata 2 zuwa 11, 50; shekara 1 zuwa 5, 40. In ya kai haka, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, ki garzaya asibiti.

Ke fa, in waya ta mutu, da me za ki ƙirga?