Wace ce motar Amurka?

A watan Nuwamban 2024 masana'antar General Motors da ke Fairfax, a jihar Kansas, ta fitar da Chevrolet Malibu ta ƙarshe. Sunan ya fara bayyana a jikin mota tun 1964, kuma da tafiyarsa Chevrolet ta rabu da salun ɗinta ta ƙarshe a kasuwar Amurka. Ford ta riga ta: ta dakatar da Taurus a 2019, Fusion kuma a 2020. Chrysler 300 ta bi sahu a ƙarshen 2023. Wanda ya ji wannan labari daga nesa zai ɗauka Amurka ta daina ƙera ƙaramar mota mai ƙofa huɗu da but. Ba ta daina ba. Dubban irin waɗannan motoci na fitowa kowane mako daga Kentucky da Ohio, sai dai tambarin da ke goshinsu na Toyota ne, ko Honda.

Wannan batu ya shafi mai sayen mota a Kano ko Abuja fiye da yadda yake zato. Camry ɗin nan da dillalai ke kira Muscle, da Accord ɗin da ake yi wa kirari da End of Discussion, galibinsu ba su taɓa shaƙar iskar Japan ba. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba ita ce shaida: in ta fara da 1 ko 4 ko 5, a Amurka aka haɗa motar, 2 Kanada ce, 3 Meziko, J kuma Japan. Camry mai 4T1 'yar garin Georgetown ce a Kentucky, Accord mai 1HG kuma 'yar Ohio. Ke nan bakaniken da ke gargaɗin abokin cinikinsa da ya guji "motar Amurka" ya rungumi Toyota, sau da yawa motar Amurka ce yake yabo bai sani ba. Abin da yake gudu shi ne motar kamfanonin Detroit, kuma gudun nasa yana da tarihi.

Har zuwa farkon shekarun 1970, galan ɗaya na fetur, wato kusan lita 3.8, bai kai santi 40 ba a Amurka. Da mai irin wannan arha babu dalilin ƙera mota mai tsimi. Detroit ta ƙware wajen yin dogayen motoci masu silinda takwas da laushin tafiya, waɗanda ake sa ran mai su zai sauya bayan 'yan shekaru. A Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka sa takunkumi, farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu, Amurkawa suka ga layin mai a karon farko a rayuwar da yawansu. A 1975 majalisa ta kafa dokar da aka sani da CAFE, wadda ta tilasta wa kowane kamfani matsakaicin mil 18 a galan nan da 1978, sannan 27.5 nan da 1985. A ma'aunin da aka saba da shi a nan, daga kilomita 7.7 ke nan a lita zuwa kusan 11.7.

Ƙananan motocin da Detroit ta fitar a wannan zamani su ne suka zubar mata da mutuncin da ta kwashe shekara arba'in tana neman maidowa. Chevrolet Vega ta yi suna wajen tsatsa da injin da ke zafi yana shan baƙin mai. Ford Pinto kuwa tankin manta ne ke kamawa da wuta in an buge ta ta baya, har sai da aka janye kimanin miliyan ɗaya da rabi don gyara a 1978. Oldsmobile ta fito da injin dizal da ya sa Amurkawa suka tsani dizal na tsawon shekaru. Cadillac, wadda ake wa kallon sarauniyar motoci, ta gwada injin da ke kashe wasu silindoji don rage shan mai a 1981. Dabarar mai kyau ce, amma kwamfutar wancan lokaci ba ta iya ɗaukar nauyinta ba. Matashin da ya sayi Vega ya sha wahala ya koma Corolla, kuma a yawancin gidaje ba a sake waiwayar Detroit ba, har 'ya'ya suka gaji ra'ayin.

An daɗe ana ɗora laifin a kan ma'aikacin Amurka, wai malalaci ne, ƙungiyar ƙwadago ta ɗaure masa gindi. Labarin masana'antar Fremont a California ya ƙaryata wannan. General Motors ta rufe ta a 1982 bayan ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da yajin aiki da motoci marasa inganci. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, haɗin gwiwa tsakanin GM da Toyota, Toyota ce ke riƙe da ragamar aiki. Mafi yawan waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne, ƙungiyar ƙwadagon ma ita ce dai. An tura ɗaruruwansu horo a masana'antar Takaoka da ke Japan. Babban abin da suka tarar a can igiya ce da ke rataye a saman layin haɗa mota: duk ma'aikacin da ya ga kuskure yana da ikon ja, a zo a duba, in ta kama ma a tsayar da layin baki ɗaya. A tsohon tsarin GM tsayar da layi babban laifi ne. In kusa ba ta ɗauru ba, a bar motar ta wuce, a gyara a ƙarshe in an tuna. Cikin ƙanƙanin lokaci Chevrolet Nova da ke fitowa daga Fremont ta kusa kamo ingancin motocin Takaoka. Hannuwan da suka yi ɓarna jiya su ne suka yi aiki mai kyau yau, domin an sauya abin da ake tambayarsu a kai. Abin takaicin shi ne GM ta ga wannan da idonta amma ta ɗauki shekaru masu yawa kafin darasin ya ratsa sauran masana'antunta. Wani abin dariya kuma, da yawa daga cikin dabarun kula da inganci da Japan ta yi fice da su, Ba'amurke ne, W. Edwards Deming, ya koyar da su a can tun 1950, lokacin da mutanen gida ba su saurare shi ba.

Kamfanonin Japan ba don ƙauna suka shigo Amurka ba. A 1981 an matsa wa Japan ta taƙaita motocin da take turawa zuwa miliyan 1.68 a shekara, sai suka tsallako da masana'antunsu: Honda a Marysville a 1982, Nissan a Smyrna a 1983, Toyota a Georgetown a 1988. Katangar da aka gina don kare Detroit ita ta kawo mata kishiya har tsakar gida.

Rashin adalci ne a ce Detroit ba ta yi salun ta ƙwarai ba. Ford Taurus ta 1986 mota ce da ta girgiza kasuwa, kuma daga 1992 zuwa 1996 babu ƙaramar motar da ta fi ta ciniki a Amurka. Sai dai kaso mai tsoka na wannan ciniki kamfanonin hayar mota ne da ma'aikatu, waɗanda ke saye da rangwame su zubo wa kasuwar gwanjo bayan shekara ɗaya ko biyu, darajar motar ta faɗi a hannun wanda ya saya da kuɗin aljihunsa. A 1997 Camry ta karɓe kambun. Injin 3800 mai silinda shida da ke cikin Buick LeSabre da Chevrolet Impala yana cikin injinan da makanikan Amurka ke rantsuwa da su, kuma a binciken ƙarko na J.D. Power na 2007 Buick ta yi kunnen doki da Lexus a matsayi na ɗaya. Ford Crown Victoria, wadda aka daina ƙerawa a 2011, ta yi wa 'yan sanda da direbobin tasi na New York bauta, ga ƙwari ga sauƙin gyara, ga kuma shan mai: kilomita takwas a lita, in an yi sa'a. Ita ma, in aka bi lambar shasi, a Kanada aka haɗa ta, kamar yadda Fusion take 'yar Meziko.

Matsalar Detroit ita ce rashin ɗorewa a kan abu guda. Ta yi mota mai kyau bana, baɗi ta fito da wadda za ta goge alherin. Bayan durƙushewar GM da Chrysler a 2009 inganci ya ƙaru ƙwarai, amma sai ga giyar PowerShift a Ford Focus da Fiesta, mai karkarwa da fizga, wadda ta kai kamfanin kotu. A 2014 kuma aka bankaɗo cewa makunnin Chevrolet Cobalt da 'yan uwanta na iya kashe injin ana cikin tafiya, jakar iska ta ƙi buɗewa. Asusun diyya na GM ya amince da mutuwar mutum 124. Toyota ma ba waliyyiya ba ce. A wannan shekarar ta biya tarar dala biliyan 1.2 kan ɓoye matsalar motocin da ke ƙara gudu da kansu, kuma duk wanda ya riƙe Muscle mai injin 2.4 ya san yadda wasunsu ke shanye baƙin mai kafin lokacin juye, ga dashbod da ke narkewa a rana. Bambancin shi ne kuskuren Toyota ana ɗaukarsa a matsayin tuntuɓe, na Detroit kuwa a matsayin hali.

Duk da haka, ba rashin inganci ne ya kashe salun ɗin Detroit ba. Malibu da Fusion na ƙarshe motoci ne masu kyau daidai gwargwado, Malibu tana yin kusan kilomita 13 a lita. Riba ce ta kashe ta. Dokar CAFE tun asali ta sassauta wa akori-kura da jif, har aka daɗe ana neman mil 20.7 kacal daga gare su yayin da ake neman 27.5 daga salun. Akwai kuma harajin kashi 25 cikin ɗari a kan akori-kurar da aka shigo da ita daga waje, wanda ke nan tun 1964. A fagen F-150 da Silverado, Detroit na da kariya da riba mai kauri. A fagen salun kuwa tana kokawa da Camry a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Masu hannun jari sun zaɓa. Waɗanda suka biya farashin su ne irin ma'aikatan Lordstown a Ohio, inda aka rufe layin Chevrolet Cruze a Maris ɗin 2019. Abin da ya rage yanzu bai wuce Cadillac ta masu hali da motocin lantarki irin su Tesla Model 3 ba, wadda ake haɗawa a tsohon ginin NUMMI ɗin nan na Fremont.

Ga mai saye a Najeriya, ƙarko yana da ma'ana ta biyu da babu binciken J.D. Power da ke aunawa. Mota mai ƙarko ita ce wadda za a samu kayanta a Ƙofar Ruwa ko Panteka kafin la'asar, wadda yaron gareji ya kwance irinta sau ɗari. Buick mai injin 3800 na iya fin Camry ƙwari a Michigan, amma ta kwana wata biyu a Apo tana jiran na'ura ɗaya daga Legas ko daga ƙetare. Sannan da yawa daga cikin 'yan Kwatano da na Tin Can daga wuraren gwanjon motocin inshora irin su Copart da IAA suke fitowa, bayan haɗari ko ambaliya. Motar da ruwa ya taɓa shanyewa ba ta da sauran asali. Wayoyinta za su ci gaba da ruɓewa ko da sunan wa ke goshinta. Bincikar tarihin lambar shasi kafin biyan kuɗi ya fi duk wata muhawarar Ford da Toyota amfani.

Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a 2024. Ma'aikacin da ke yin kilomita 1,500 a wata da mota mai kilomita 8 a lita yana buƙatar lita kusan 188. Mai kilomita 13 kuwa lita 115 ta ishe shi. Tazarar ta haura naira 70,000 a wata in lita tana naira dubu, wato fiye da mafi ƙarancin albashi na ƙasa. Kuma abin da ke fitowa daga Georgetown ya sauya: daga samfurin 2025 kowace Camry mai haɗa fetur da batir ce, wasu na yin sama da kilomita 21 a lita. Nan da shekara bakwai ko takwas su ne za su cika filayen dillalai a Kaduna da Kano, da batiran da suka fara tsufa, a garejin da har yanzu mafi yawan masu gyara ba su taɓa buɗe irinsu ba.