Abin da Ake Rubutawa a Kan Kek

Maganar kek ta hanya biyu take iso ni. Da safe a shagona na Kasuwar Monde, inda nake auna wa mata fulawa da suga da bota da bekin foda da aisin suga. Da yamma kuma a ƙofar masallacinmu na nan Hausari, ranakun da babban liman ya wakilta ni, sai a aiko yaro ya ce wai Hajiya tana tambaya ko ya halatta a yi kaza a kan kek. Sau da yawa wadda ta sayi kayan da safe ita ce mai tambayar da yamma. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na fahimta, kowa ya gani, kada a ce Malam yana sayarwa da hannun dama yana hanawa da na hagu.

Mu da muka tashi a unguwar nan mun san kek tun muna yara, amma ba irin na yanzu ba. Iyayenmu mata a gwangwanin madara ko na kifi suke zuba ƙullun, a shafa mai, a sami babbar tukunya a zuba yashi a gindinta, a jera gwangwanayen a kai, a rufe, a ɗora garwashi a kan murfin. Da Sallah ake yi, ko in an yi haihuwa. Kwalliyarsa ita ce ya yi ja bai ƙone ba. Kuma ko a lokacin shi ɗan rakiya ne, don manyan kayan biki su ne alkaki da nakiya da dubulan da cincin, sai gireba da muka koya wurin maƙwabtanmu na nan Barno, wadda in an iya ta kafin ka tauna ta narke.

Yanzu kuwa abin ya zama sana'a. 'Yan mata suna koyo a waya, wasu suna biyan kuɗi su je aji na mako biyu ko wata guda, su dawo suna yin fure da ganye da zanen lalle a jikin kek har ka rantse ba hannu ne ya yi ba. Ni ban raina wannan ba ko kaɗan. A garin da yaƙi ya bar mana zawarawa da marayu a kowane layi, mace ta zauna a ɗakinta ta sami abin biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta ba ta roƙi kowa ba, ai sai godiya. Cikin masu sayayya a wurina akwai waɗanda aka raba da garuruwansu, suka shigo Maiduguri da kayan jikinsu kawai, yau ga shi suna sayen fulawa rabin buhu.

Kuma aikin yana da wuya a garin nan fiye da yadda masu ci suke zato. Waɗanda ake kallo a waya galibi a ƙasar sanyi suke, ko a ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ita kuwa bota tun kafin a kai nan ta fara sakin jiki. Yarinya ta kwana tana buga bota da aisin suga tana matsa fure, a ɗauko kek ɗin a Keke Napep daga nan zuwa Bulumkutu ko Gwange, kafin a isa furen ya zama kunu. Waɗanda suka ƙware sun san dabarun: da asuba ake kwalliya, a bar kek ya huce sarai kafin a taɓa shi, lokacin zafi a yi amfani da aisin ɗin farin ƙwai wanda yake bushewa ya yi tauri, ko a lulluɓe da fondan, shi kuma da damina yake ba da wahala, don yana jan laima ya yi gumi. Ga matsalar wuta. Ba mu manta ba, daga Janairun 2021 da aka karya turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, watanni muka yi a duhu, sai mai janareta ko sola ke iya kunna firij. Sannan gobarar kasuwa ta 26 ga Fabrairun 2023, sannan ruwan Alau na 10 ga Satumban 2024, wanda ya shiga shaguna da gidaje, buhun suga ya narke a inda yake, fulawa ta zama laka. Na lura da wani abu bayan ambaliyar: matan da suka fara komawa aiki su ne waɗanda suka iya gashin tukunya da yashi. Masu dogaro da oban na lantarki da injin bugawa sai da suka jira.

To, ga inda tambayoyin suke.

Wadda ta fi zuwa mini ita ce ta kek ɗin sauka. Barno gidan Alƙur'ani ce, babu wanda zai yi musu, kuma duk uban da ɗansa ko 'yarsa ta sauke yana so ya nuna farin ciki. Sai aka shigo da yayin yin kek mai siffar buɗaɗɗen Mus'hafi ko allo, a rubuta Bisimilla a sama, wani lokaci har da aya sukutum, da baƙin aisin. Na gani da idona, rubutun ma ya yi kyau ƙwarai. Amma bayan an gama ɗaukar hoto me ke biyo baya? Wuƙa. A yanka ta tsakiyar sunan Allah, a raba, yara su yi wawa, gutsattsari su zube a tabarma a tattake, abin da ya manne a kwali a kai bola, a wanke faranti ruwan ya bi kwata. Mu da ko takarda muka gani a ƙasa da rubutun Arabiyya sai mun ɗauke mun soke a jikin katanga.

Wata baiwar Allah, malamar Islamiyya ce kuma tana da karatu, ta ce da ni: "Baba Liman, ai rubutun sha ma ayoyi ne, kuma cikinmu suke shiga." Tambaya ce mai ma'ana, na kuma ji daɗinta. Abin da na ce mata shi ne, shi rubutun sha, a wurin masu yin sa, mai alwala ne yake rubutawa, a wanke a ƙwarya mai tsabta, a shanye duka da niyyar neman waraka, ko ɗigo ba a yarda ya zuba inda ake takawa. Duk da haka ma akwai malaman da ba su yarda da shi ba. Kek kuwa ado ne na taro, kuma babu mai iya tsare inda kowane ɓarɓashi zai faɗa. Saboda haka ra'ayina, kuma shi nake faɗa wa duk wadda ta tambaya: a rubuta sunan yaron, a rubuta "Barka da sauka" da boko ko da ajami, a yi zanen zayyana irin na gefen allo in ana so, ai zayyana ma gadonmu ce kuma ta fi fure kyau. Aya da sunan Allah a bar su a allo da takarda. In sunan yaron Abdullahi ne ko Abdurrahman, a sa laƙabinsa na gida.

Ta biyu ita ce ta hoto. Yanzu akwai masu buga hoton mutum a takardar da ake ci, a manna a kan kek, fuskar amarya ko ta jariri. Hukuncin hoto magana ce mai tsawo, malamai sun yi ta, ni ba zan yanke ta a nan ba. Amma ko an ajiye fiƙihu gefe, ni dai raina bai taɓa kwanciya da a sa wuƙa a fuskar jaririn kwana bakwai ana tafi ba. Haka maganar bikin ranar haihuwa, wanda wasu ke so in ce haram wasu ke so in ce halal, kowa don ya kai wa matarsa ko mijinta hujja. Akwai saɓani, kowa ya tambayi malamin da yake karatu a wurinsa. A kan sikeli nake, ba na ba da fatawa ina auna suga.

Abin da ya fi damuna ma bai kai ga waɗannan ba, don shi kullum ina ganinsa a littafin bashi. Kek bai maye gurbin komai ba a bikinmu, ƙari aka yi da shi. Uwar amarya tana nan da gararta: buhunan shinkafa, mai, alkaki, nakiya, dubulan, ga turaren wuta da humra waɗanda zaman Barno ya sa suka zama dole a kanmu. Yanzu an ɗora kek mai hawa uku na ranar kamu, wani na walima, wani na kai amarya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin fulawa da suga da ƙwai ya yi tashin da kowa ya sani, kuma yawancin alkamar da ake niƙa fulawar daga waje ake shigo da ita, don haka duk motsin dala sai ya taɓa ta. (Abin takaici, da can alkama a Marte ake noma ta da ruwan Tafkin Cadi, har cibiyar binciken alkama a garin nan take.) Sai mace ta zo ta tsaya gefen shago, ta jira mutane su ragu, ta ce: "Alhaji, a taimaka a ba ni zuwa bayan biki." Ina bayarwa, don na san ta, na san mijinta. Amma wani bashin har amarya ta haihu ba a gama biya ba, kuma na kek ne da rabinsa kwalliya ce da ba a ci, mutane suna ɓare fondan ɗin suna ajiyewa gefen faranti saboda zaƙi. Wani hawan ma, masu sana'ar sun gaya mini, soso ne aka lulluɓe don tsawo.

Walima sunna ce, kuma zaƙi ba laifi ba ne. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son kayan zaƙi da zuma. Walimar aurensa da Nana Safiyya da dabino da cuku da man shanu aka yi ta, aka cakuɗa, kowa ya kawo abin da yake da shi, kowa ya ci. Wannan "kowa ya ci" ɗin nake dubawa in an tambaye ni. Babban kek mai hawa 'yan gaba-gaba ne ke samu, tsofaffin da ke cikin ɗaka da almajiran da ke bakin ƙofa sai labari. Shi ya sa ni ƙananan nan na kofin takarda, kapkek, sun fi kwanta mini. Mudu ɗaya na fulawa yana fitar da masu yawa, ba a buƙatar wuƙa, ba a buƙatar firij in an yi musu kwalliya kaɗan, a sa a roba tare da cincin da alkaki guda a aika gidan maƙwabta, har gidan da ake takaba ba su sami fitowa ba. Ranar sunan jikata haka 'ya'yana suka yi, kowanne da ɗan ɗigon aisin da ƙwayar dabino a sama, kuma alkakin wurin wata tsohuwa a layinmu muka saya, wadda ta ce mini rabon da a ba ta aikin biki tun kafin azumi.

Saura magana ɗaya ga masu sana'ar, 'ya'yana da ƙannena. Kalar da kuke zubawa ku duba ta. Akwai ta kwalba mai suna da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, akwai kuma garin da ake ƙullawa a leda ba suna ba komai, mai araha, wanda ni kaina ba na ajiye shi a shago don ban san ko na abinci ne ko na rini ba. Yara ne suka fi cin wannan kwalliyar, su ne ke lashe ja da shuɗin. In kala mai lamba ta yi tsada, ruwan zoɓo mai kauri yana ba da ja mai kyau, kurkur yana ba da rawaya in an sa ɗan kaɗan yadda ba zai yi ɗaci ba, garin koko yana ba da ruwan ƙasa. Wadda take son ganin bambancin kwalbar gaske da ta jabu ta biyo ta shago bayan azahar, lokacin kasuwa ta lafa, in nuna mata, ko ba za ta sayi komai ba.