Ina 'Yan 2go Suka Shige?

Ku matso kusa, wannan hirar tamu ce, mu da muka san daren 2go. Yaran yanzu in ka ce musu an yi zamanin da mutum ke lulluɓa da ƙaramar Nokia a hannu, yana danna maɓalli ɗaya har sau uku kafin harafi guda ya fito, kallonka kawai za su yi. Mu kuwa mun san an yi, kuma an ji daɗi.

Daga Afirka ta Kudu wannan manhajar hira ta fito, a 2007, amma 'yan Najeriya ne suka rungume ta fiye da masu ita. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ba ta cin data da yawa, kuma tana hawa kan wayar Java mafi araha. Tsakanin 2011 da 2013, da wuya ka shiga makaranta ko majalisar samari ba ka ji ana tambayar sunan wani na 2go ba. Kun tuna taurarin nan? Ka fara daga Novice, kana hawa gwargwadon daɗewarka a kai, burin kowa ya kai Master. Har wayar ake bari a caji a kunne ta kwana, don dai tauraro ya canza. Magana a ɗakin hira kuma sai da gocredit, wanda ake saye da kuɗin kati.

Ɗakinmu bayan sallar isha'i yake cika. Akwai mai buɗe mana da sallama da addu'a kullum, akwai masu musun Chelsea da Arsenal da ba sa gajiya, akwai wata baiwar Allah da ba ta wuce "sannunku da hira", amma ranar da ba ta leƙo ba sai an yi cigiyarta. Abin da ba na mantawa shi ne daren da wani ɗan ɗakin ya ce mahaifiyarsa na kwance a asibiti. Babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Nan take aka shiga tura masa lambobin katin waya, wannan na ɗari, wancan na ɗari biyu, ya sayar ya haɗa kuɗin magani. Duk mai cewa zumuncin waya ba zumunci ba ne, bai ga wannan daren ba.

To, me ya watsa mu? Ba faɗa aka yi ba. Wayoyin Android masu sauƙin kuɗi ne suka shigo, su Tecno da Itel, kowa ya koma WhatsApp. Shi kuma WhatsApp da lambar waya yake aiki, wanda ka riga ka sani shi yake kawo maka. Ga aure, ga bautar ƙasa, ga neman abinci. Sai ɗakin ya fara ragewa da ɗaɗɗaya, har aka kai ka yi sallama ka zauna jira, babu mai amsawa. Yahoo Messenger da aka rufe a 2018, da BBM da aka rufe ranar 31 ga Mayun 2019, an sanar da masu amfani da su tun da wuri, wanda ya so ya yi bankwana. Mu namu ɗakin a hankali ya mutu, shi ya sa babu wanda ya ga lokacin da ya dace ya ce a ba shi lamba.

Nan ne abin yake min ciwo, wallahi. Yawancinmu da sunan laƙabi muka san juna. Mai addu'ar nan, har yau ban san ko yana raye ba. In ya rasu, ba mu yi wa iyalinsa ta'aziyya ba. In ya yi aure, ba mu ci shinkafar ba. Ban ga laifin ɓoye suna da farko ba, domin an yaudari mutane da hoton bogi, 'yan mata kuma sun fi kowa dalilin yin kaffa-kaffa. Amma wanda kuka daɗe kuna kwana kuna tashi cikin hira, ka ga halinsa a fushi da fara'a, ya wuce baƙo.

Ku duba waɗanda suka rage mana daga wancan zamanin. Duk waɗanda muka karɓi lambarsu ne, muka je ɗaurin aurensu, muka san ƙofar gidansu. Taurarin da aka hana ido barci a kansu kuwa, ko mai tambaya babu.

Yanzu ma a waɗannan manhajojin tamkar a gidan haya muke, ko a guruf ɗin tsofaffin ɗalibai ne ko na unguwa, mai gida na iya sauya ƙofa duk ranar da ya ga dama. Don Allah, wanda kuke jin daɗin hirarsa a can, ku tambayi cikakken sunansa da garinsu, ku kira shi ku ji muryarsa a makon nan. In kuma akwai mai lambar wani ɗan tsohon ɗakinmu a cikinku, ya taimaka ya turo min.