Fadamar Haɗeja da Nguru: Inda Kacala Ke Shaƙe Ruwa

Duk ɗalibin da ya duba taswirar Najeriya zai ga Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are sun nufi arewa maso gabas, sun haɗu kusa da Gashuwa, suka zama Kogin Yobe mai malala zuwa Tafkin Cadi. Kafin su haɗu, ruwansu yakan bazu cikin wata shimfiɗaɗɗiyar fadama tsakanin jihohin Jigawa da Yobe. Can muka nufa a hutun da ya wuce, mu da wasu abokan karatu, domin ganin wurin da muke karantawa a littafi.

Wuri ne mai daraja. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar ruwa ta Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A yankin ne kuma ake da gandun tsuntsaye na Dagona da gandun dajin Baturiya. Da sanyi ya tsananta a Turai, tsuntsaye kan ƙetare hamadar Sahara su sauka nan su yi watanni. Masunta da manoman shinkafa da makiyaya duk da wannan ruwa suka dogara.

Amma da muka shiga kwalekwale, abin da ya fara tare mana ido ciyawa ce, hagu da dama, ta fi tsawon mutum, ta yi cunkus kamar katanga. Sunanta kacala. A wasu wuraren hanyar da ta rage wa kwalekwale ba ta fi faɗin lungu ba.

Me ya ba ta wannan ƙarfi? A da, fadamar takan cika da damina, ta janye da rani, ƙasa ta bushe ta tsage. Kacala ba ta jure doguwar bushewa, don haka ba ta samun sakewa. Bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma gudana kusan duk shekara. Madatsun sun taimaki noman rani da ruwan sha a Kano, amma a fadama sun bar ruwa marar zurfi yana kwance rani da damina. Irin wurin da kacala ke so ke nan.

Tana yaɗuwa ta hanya biyu: saiwarta na rarrafe cikin laka tana fitar da sababbin tsirrai, kanta kuma na ɗauke da dubban ƙananan iri da iska ke kwasa. Idan ta toshe mashigar ruwa, laka sai ta taru, ruwa ya sauya hanya. Wani gari ya yi fama da ambaliya, wani kuma ruwan ya daina isa gare shi. Masunci ya rasa inda zai jefa koma, manomi ya rasa gona. Cikinta kuma sauro ke fakewa, da dodon koɗi mai yaɗa cutar tsargiya, da tsuntsayen jan-baki masu far wa shinkafa da gero.

To, yaya ake yaƙarta? Ƙonawa ba ta kashe ta, domin wuta ba ta kai wa ga saiwar da ke cikin laka. In an sare ta a saman ruwa, nan da 'yan makonni ta sake tohowa. Dabarar ita ce a yanke ta a ƙarƙashin ruwa. Ganyenta na da ƙananan ramuka da ke kai iska zuwa saiwa, to idan ruwa ya rufe kututturen, sai saiwar ta shaƙe. Haka mutanen ƙauyuka ke yi ta hanyar aikin gayya, da adda da lauje, ruwa har ƙirji. Hukumomi ma kan kawo injinan yanka da na yashe laka. Sai dai aiki ne da dole a maimaita shi.

Akwai kuma masu neman mayar da ita abin amfani. A Senegal da Muritaniya, inda ta mamaye bakin Kogin Senegal bayan gina madatsar Diama, ana sarrafa ta zuwa gawayin girki. A nan gida ma an gwada samar da iskar gas ta girki da abincin dabbobi daga gare ta.

Duk da haka, adda kaɗai ba za ta gama da kacala ba. Muddin ruwa na kwance shekara guda cur, za ta dawo. Sai masu kula da madatsun sun tsara sakin ruwa yadda fadama za ta cika a lokacinta, ta kuma bushe a lokacinta.

'Yan'uwa ɗalibai, cikinku akwai injiniyoyin ruwa da masana tsirrai na gobe. Idan makarantarku ta shirya yawon buɗe ido, ku roƙi malamanku a kai ku Nguru ko Baturiya, ku tambayi masunta yadda ruwan yake a da.