Fim Ɗin da Ya Tsallake Katanga

Mai karatu, ka taɓa kallon fim alhali kaset ɗin yana gidan wani? Mu a unguwar Television, Kaduna, an yi haka.

Ɓeraye ne suka ishi yayana da cinye wayar da ya ja daga falo zuwa ɗakin Inna, sai ya sayo senda, 'yar na'ura mai eriya. A jona ta da bidiyo, a murɗa tasha, sai ga hoto, duk da ɗan yayyafi. Ashe maƙwabtanmu Kirista ma suna kamawa! Matar gidan takan leƙo ta ce, "Hajiya, don Allah a maimaita mana Sangaya."

Bayan rikicin Fabrairun 2000 muka koma Tudun Wada. Mun sake kunna sendar, amma ina, ba ta tsallake kogi.